Ƙarar Fito a Ɗakin Ƙarƙashin Bene

Mutumin da ya fara yi mini Hausa a Alƙahira shi ne ya fara cutata. A ƙofar filin jirgi na same shi, riƙe da kwali an rubuta sunana, Hamisu Pauwa. Dillalin masauki ne, wani abokin yayana ya haɗa mu ta waya tun ina gida. Ya ce in riƙa ce masa Ustaz. Ya rungume ni kamar tare muka tashi, ya yi ta tambayata lafiyar mutanen Ƙanƙara waɗanda bai taɓa gani ba. A cikin tasi ya ji ƙanshin kilishin da Inna ta naɗe mini, sai ya ce dokar ƙasar ta hana ajiye naman waje a ɗaki, gara ya adana mini a wurinsa. Na san ƙarya ce. Na buɗe jaka na miƙa masa. Haka nake tun ina ƙarami, na fi iya gane ƙarya a kan in ce da mai ita ya yi ƙarya.

Ɗakin da ya yi mini alkawari a saman bene yake, mai taga, kusa da makarantar da zan yi karatu. Da muka isa gidan kuwa sai na ga ya nufi matakala mai gangarawa ƙasa. Ya ce na wucin gadi ne, kafin a gama fentin nawa. Ya kunna mini fitila, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya tafi. Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba.

Ɗakin ba ya sanin rana. Tagarsa ɗaya ce, 'yar siririya can sama dab da rufi, ƙafafun masu wucewa kawai ake gani ta cikinta. Bangon da ke kan gadon ya jiƙe, fumfuna ta yi masa baƙin tabo wanda ya faro daga ƙasa ya bazu sama kamar mutum ya ɗaga hannuwa. Katifar tana warin tsohon rumbu. A bayan ƙofa kuma akwai takalma ƙafa biyu, an jera su tsaf, bakinsu na kallon waje.

Na hau sama na tambayi mai gadin gidan, wani tsoho mai rawani, na wane ne takalman. Ya daɗe yana dariya kafin ya amsa, domin Larabcina na littafi ne, ya ce ina magana kamar mai huɗuba. Ya ce na wani ɗalibi ne ɗan Mali. Kafin shi kuma an yi wani ɗan Cadi.

Na ce, “Ina suka tafi?”

Ya juya tafin hannunsa sama. “Tari suka yi ta yi, suka tafi. Shi wannan ko sallama bai yi mini ba.”

Ban taɓa takalman ba. In zan yi shara sai in zagaye su.

Makonnin farko karatu ya ɗauke mini hankali. Ba ni da aboki, ban kuma nema ba. In an tashi daga darasi sai in sayi burodi da wake a bakin titi, in gangara ɗakina, in buɗe littafi. Kewar gida takan zo mini ne a ƙananan abubuwa: ƙarar taɓarya da hantsi, warin shanu in an koro su da yamma, yadda Inna ke kiran kaji. Mutanenmu ma ba a Pauwa suke ba a lokacin, rashin zaman lafiya ya sa sun koma cikin garin Ƙanƙara, suna zuwa gona in hanya ta yi kyau. Saboda haka ko a tunani in na koma gida, gidan da babu kowa nake komawa.

Wata rana bayan la'asar, ina tsakiyar karatu, na fara jin wata ƙara. Siririya ce, doguwa, kamar wani yana fito daga nesa da ɗan ƙaramin baki. Wani lokaci ta rabu biyu, ta koma kamar kukan ɗan kyanwa da aka rufe a kwali. Na ajiye littafin na saurara. Ta yi shiru. Na ci gaba da karatu, ta dawo.

Ni mutum ne mai bin abu daki-daki. Na kashe fanka. Na ɗaure bakin famfo da tsumma. Na jawo gadon na duba ƙarƙashinsa, na kara kunnena a jikin bututun ruwa, na toshe 'yar tagar da jarida. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne, duk sanda na ɗauke numfashi don in gane inda take fitowa, sai ta ɗauke ita ma, kamar saurarona take yi. Ina sakin numfashi ta ci gaba, a kusa, wani lokaci dab da kunnena.

A garinmu ba a fito da magariba. Kakata ta sha buge bakin yara a kan haka, ta ce mai fito kiran mutanen ɓoye yake yi, in sun amsa kuma ba ya iya sallamarsu. Na yi karatu, na san abin da zan ce da wani in ya kawo mini wannan maganar. Amma ni kaɗai ne a ƙarƙashin ƙasa a garin da ban san kowa ba, ga takalman mutumin da ya gudu a bayan ƙofata.

Daga nan sai nauyi ya biyo baya. Ina tashi da asuba in ji kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji. Tari busasshe, ba majina. Matakalar da nake hayewa a guje sai da na fara tsayawa a tsakiyarta. Asma ta faɗo mini a rai sau ɗaya, na kore ta da kaina. A sanina ciwon yara ne, da shi ake haihuwar mutum. Ni kuwa na haura ashirin, na yi noma, na yi dakon taki, ƙirjina bai taɓa ce mini komai ba.

Alhaji Mudi na haɗu da shi ranar wata Juma'a. An idar da salla ina neman takalmina, sai na ji wani a bayana yana faɗa a waya: “Mi kake nuhi? Na ce maka ka kai ma Hajiya, ka tsaya kana mani surutu!” Hausar gida, tsantsarta. Ƙafafuna suka bi shi da kansu. Na bi shi titi ɗaya, na bi shi na biyu, kunya ta hana ni yin sallama. A bakin wani shagon ɗinki ya juyo.

“Kai, ɓarawo ne kai ko Bahaushe?”

“Bahaushe ne, Alhaji.”

“To ai duk ɗaya ne in daga Ƙanƙara kake. Daga ina?”

“Pauwa.”

Ya tafa hannu. “La ilaha illallahu! Na hwaɗa! Ɗahiru, hito ka ga abin da ya biyo ni.”

Tela ne, mutumin Faskari, ya daɗe a ƙasar har gemunsa ya yi fari a can. Malam Ɗahiru kuma abokinsa ne, mutumin Damari ta Sabuwa, dogo marar magana, wanda ya zo karatu tun da daɗewa ya zauna. Ranar na ci tuwo da miyar kuka a bayan shagon, ina ci ina ɓoye fuskata. Alhaji ya ga hawayen, ya ce yajin ne, na Faskari ne, ba a saba ba yaran Ƙanƙara shi ba. Ya laƙaba mini suna Malam Littafi. Daga ranar kullum sai ya aiko a tambayi ko na ci abinci.

Sai da na yi ziyara ta uku ko ta huɗu kafin na iya gaya masa maganar ƙarar. Bai yi dariya ba. Ya rufe shago, shi da Malam Ɗahiru suka biyo ni. Da muka gangara ɗakin, Alhaji ya tsaya ya dubi tabon bangon, ya dubi takalman, na ba shi labarin ɗan Mali da ɗan Cadi. Muka yi tsit mu uku. Can sai ga ta, siririya, a fili.

Malam Ɗahiru ya fara karanta Ayatul Kursiyyu a hankali. Alhaji kuwa ya karkata kai yana bin ƙarar, ya nufi bango, ya dawo, ya zagaya ta bayana. Na ji ya ɗora kunnensa a tsakanin kafaɗuna. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, muryarsa ta sauya.

“Hamisu, abin nan ba a ɗakin yake ba. Ya riga ya shiga.”

A daren Alhaji ya kira Baba a Ƙanƙara. Washegari ya gaya mini yadda suka yi: za a yi mini hayaƙi, in an ga sauƙi shi ke nan, in ba a gani ba a sa ni a jirgi in koma gida a nemi magani. Baba ya ce ba zai bar ɗansa ya haukace a ƙasar mutane saboda takarda ba. Na san dukiyar da gidanmu ya rabu da ita don in zo nan, na kuma san in na koma babu dawowa. Na ce to.

Da magariba aka yi, a ɗakin ajiyar yadi na bayan shagon. Alhaji ya rufe ƙofa da taga don kada hayaƙin ya tsere. Ya hura garwashi a kasko, ya zuba habbatussauda da lubban da ɓawon tafarnuwa, da tazargade da ya ce daga gida aka kawo masa, ba ya fito da ita sai don nasa. Na durƙusa a kan kaskon, suka lulluɓe ni da bargo.

Shaƙar farko ta wuce. A ta biyu ƙirjina ya rufe kamar an ja zaren bakin jaka. Na buɗe baki, iska ta ƙi shiga, wadda ke ciki kuma ta ƙi fita. Fiton ya tashi da ƙarfin da ban taɓa ji ba, har su da ke wajen bargon suka ji. Na yunƙura zan yaye bargon, hannuwa huɗu suka danne ni.

“Riƙe shi, Ɗahiru! Ya ji wuta, ga shi nan yana kuka!”

Na so in ce ni ne, ba wani ba ne. Babu iskar da zan faɗa da ita.

“Yi haƙuri, ɗana,” in ji Alhaji a saitin kunnena. “Ba kai ke jin zahin ba, shi ne. Hita, maƙiyin Allah! Hita ka bar yaron mutane!”

Na tuna garwashin yana ja a ƙarƙashin fuskata, sannan jan ya fara yin nisa. Ƙafata ce ta ture kaskon, ba da niyyata ba. Tsoron kada yadi ya kama ya sa suka sake ni suka buɗe ƙofa. Na farfaɗo a bakin titi, zaune, na dafa gwiwoyi, Alhaji yana yi mini fifita da kwali yana share hawaye. Ya ce aljanin taurin kai gare shi, amma ya jigata, in aka ƙara ɗaya zai fita. Ya sa ranar Litinin.

Ban iya ce masa a'a ba. Mutumin da ya ciyar da ni, ya fito da tazargadensa saboda ni, da wane baki? Ranar Litinin da yamma na yi alwala, na sa tufafi masu tsabta, na hau bas zuwa shagonsa. Ina sane da cewa mai yiwuwa ba zan fito daga ƙarƙashin bargon nan ba, amma na hau.

Lokacin kaka ne, sanda manoman bayan birnin ke ƙona ragowar karan shinkafa. Hayaƙin ya taru ya yi wa garin rumfa, rana ta koma kamar tsohon faranti, fitilun motoci a kunne tun kafin magariba. Bas ɗin ya cika maƙil, ina tsaye riƙe da ƙarfe. A kan wata gada muka tsaya cak a cunkoso. Nan abin ya zo, ba bargo, ba kasko. Na saki ƙarfen na durƙushe a tsakanin ƙafafun mutane.

Na ji hayaniya a sama da ni. Wata mata mai jiki, sanye da baƙar abaya, ta ture mutane ta tsuguna a gabana. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta saurari numfashina sau ɗaya, ta ɗaga kai ta yi wa bas ɗin tsawa da Larabcinsu na titi, wanda a ranar na fahimce shi sarai:

“Asma ce! Wa ke da abin shaƙa? Nawa ya ƙare!”

Abin da na gani daga nan ƙasa har yau yana idona. Wani mai kwat da jakar ofis ya zura hannu a aljihu. Wani ɗan sanda da ke bakin ƙofa ya zura hannu a nasa. Daga can gaba aka miƙo wani hannu bisa hannu, aka ce na direba ne. 'Yan ƙananan robobi, shuɗaye, irin abin da zan iya rantsewa ban taɓa gani a hannun babba ba. Manyan mutane, masu gashin baki, masu furfura, kowa da nasa a ɓoye kamar goro.

Matar ta karɓi na mai kwat, ta girgiza, ta goge bakinsa da gefen mayafinta, ta sa mini a baki. “Ja a hankali, ɗan nan. Riƙe. Kada ka yi sauri, ba inda za mu, kana ganin hanyar.” Wasu suka yi dariya. Aka buɗe mini wuri, aka zaunar da ni, aka ce in karkata gaba. Ta sake fesa mini. Bayan ɗan lokaci na ji wata 'yar ƙofa ta buɗe can ƙasan ƙirjina, iska ta shiga, mai sanyi, mai warin hayaƙi da man mota. Ban taɓa shaƙar abin da ya kai ta daɗi ba.

Ɗan sandan ne ya sauka da ni ya kai ni wani ƙaramin asibiti. Matar ban san sunanta ba. Da bas ɗin zai tashi ta leƙo ta taga tana nuna ni da yatsa, tana cewa kada in kuskura in kwana ban ga likita ba.

Aka sa mini takunkumi mai fitar da tururin magani. Likitar, wata matashiya mai tabarau, ta tambaye ni inda nake kwana, na kwatanta mata ɗakin. Ta tambaya ko na kusanci hayaƙi kwanan nan. Na gaya mata, ina kallon ƙasa. Ta cire tabaran ta riƙe a hannu.

Na ce, “Amma likita, ni babba ne. Ban taɓa yi ba ina yaro.”

Ta ce asma ba ta duba shekaru, tana iya fara wa mutum a kowane lokaci, ɗaki mai danshi da fumfuna kuma yana cikin abubuwan da ke tayar da ita. Ta ce in leƙa benci in ga masu jiran layi. Na leƙa. Babu yaro ko ɗaya. Ta ce waɗannan su ne suka san sunan abin da ke damunsu, waɗanda ba su sani ba suna gida, suna cewa sanyi ne, ko tsufa, ko gajiya. Ta rubuta mini abin shaƙa iri biyu, na kullum da na lokacin da abin ya taso, ta ce in bar ɗakin nan ko da a masallaci zan kwana.

Na sa aka kira Alhaji Mudi, ya iso da hularsa a karkace. Ya saurari bayanin likitar har ƙarshe, ya zauna a bakin gadon, ya riƙe yatsun ƙafata ta saman mayafi.

“Da na kashe ɗan mutane,” ya ce. “Da hannuna. Ina kabbara.” Ya juyo ya dube ni. “Kai kuma Malam Littahi, duk karatun nan, ba ka iya buɗe baki ka ce Alhaji mutuwa nike ba?”

“Babu iska, Alhaji.”

“Kahin nan hwa? Da bayan nan?”

Da aka sallame ni ya kwashe ni zuwa gidansa, ya ba ni wani ɗaki a kan rufin bene inda yake shanya yadi, iska ta ko'ina. Shi da Malam Ɗahiru suka je suka kwaso littattafaina.

Saura Baba. Alhaji ya ce shi ya ɗaura maganar komawa, amma ba shi zai kwance ta ba, in yi da bakina. Na kira bayan la'asar. Sai da Baba ya taka zuwa bayan kasuwa inda waya ta fi kamawa, sannan ya kira ni. Ya ce ya riga ya yi magana da mai mota da zai ɗauko ni daga Kano. Ya ce in haɗa kayana.

Ban taɓa mayar wa Baba magana ba. Na ce, “Baba, ku yi haƙuri, ba zan dawo yanzu ba.” Kafin ya ce wani abu na ci gaba, don na san in na tsaya ba zan iya sake farawa ba. Na gaya masa komai bi da bi: nauyin ƙirji da asuba, tarin da ba majina, tsayawa a tsakiyar matakala, yadda hayaƙi da ƙura ke rufe numfashi, yadda mutum ke zama ya dafa gwiwoyi don kwanciya ba ta yiwuwa. Na gaya masa sunan ciwon, da cewa manya da yawa na da shi, da cewa tun da na fara shaƙar maganin nake barci har a kira salla.

Na gama. Bai ce komai ba. Na ɗauka layin ne ya yanke, na danna wayar a kunnena sosai. Ina jin kasuwar Ƙanƙara can nesa, babur, wani yana kiran mai rake. A kusa kuma, dab da wayar, numfashin Baba ne, bai gama hucewa daga 'yar tafiyar da ya yi ba. A ƙarshen kowane numfashi akwai wata 'yar siririyar ƙara. Na san ta.

“Baba,” na ce, “tun yaushe?”

Ya yi gyaran murya. “Wanga ai ƙaiƙayi ne. Duk kaka in an yi sussuka haka nike, shekara da shekaru. Baffanka ma haka. Rabin majalisarmu haka suke, wa ya taɓa kiran shi ciwo?”

Ya ja numfashi, ƙarar ta biyo baya.

“To, zauna ka yi karatunka,” ya ce. Na ji ya matsa daga hayaniyar mutane, ya rage murya yadda yake yi in zai yi maganar da ba ya so Inna ta ji. “Hamisu. Shi abin shaƙar nan, in mutum ya je asibiti, mi zai ce masu su ba shi?”